Ba girin-girin ba, ta yi mai: wane taki ya dace da zaitun a ƙasar Kebbi?

Shekara huɗu ke nan da na dasa zaitun goma sha biyu a bayan lambunmu da ke kan hanyar Argungu, kuma tun daga lokacin babu tambayar da ake yawan yi mini kamar ta taki. Mutum zai sayo dashe biyu ko uku a leda, ya kai gida, ya kira ni ya ce, "Malam, yuriya zan sa ko kamfa?" Wani kuma ya ce shi ba ya son takin zamani ko kaɗan, kashin kaji zai zuba tun da shi ne na gargajiya. Dukansu biyun hanya ɗaya suka ɗauko, hanyar da noman shinkafa da albasa suka koya mana: ka ciyar da shuka ta yi kore shar, ka ƙirga buhuna. Zaitun ba haka yake ba. Abin da ake nema a jikinsa yana cikin man ne, kuma takin da ya fi sa itacen yin kyan gani shi ne ya fi rage wa man daraja.

Sai mun san man da muke nema kafin mu san takin da za mu zaɓa. Kawuna ya taɓa dawowa daga Umara da kwalbar man zaitun na yankin Jauf, a arewacin Saudiyya. Ya zuba a cokali ya kurɓa, sai ga shi yana tari, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙo mini kwalbar ya ce, "Ɗana, duba mini, ina jin sun ba ni wanda ya lalace. Yana da ɗaci, ga maƙaƙi a wuya." Na sansana, ƙamshin ɗanyen ganye ne, kamar an yanke ciyawa da safe. Na ce, "Kawu, ai wannan maƙaƙin shi kuka biya wa kuɗi." Ɗacin da maƙaƙin suna fitowa ne daga wasu sinadarai da ake kira polifenol. Ɗaya daga cikinsu, oliyokantal, shi ne mai kama maƙogwaro. Su ne ke tsare man daga saurin tsufa, kuma su ne babban dalilin da ya sa ake danganta shi da lafiya. Tarayyar Turai tun 2012 ba ta yarda a rubuta a jikin kwalba cewa polifenol ɗin man yana kare kitsen jini ba, sai idan kowane giram 20 na man yana ɗauke da aƙalla miligiram 5 na haidiroksitairosol, wani nau'in polifenol, da danginsa.

Akwai ma'auni biyu kuma. Majalisar zaitun ta duniya, wadda aka kafa a 1959 mai mazauni a Madrid, ta ce man da za a rubuta wa Extra Virgin, wato mai lamba ɗaya, kada sakakken asid ɗin da ke cikinsa ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Sannan irin kitsen da ake kira oleik, wanda shi ne ƙashin bayan man zaitun, kada ya gaza kashi 55 cikin ɗari. A mai mai kyau yakan haura 70. Polifenol da oleik su yi sama, sakakken asid ya yi ƙasa. Duk takin da za mu auna, da wannan sikelin za mu auna shi.

To, a nan ne naitirojin ya shigo, wato sinadarin da ke sa ganye kore. Masu bincike a Jami'ar Kordoba ta Sifaniya, ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun a duniya, sun nuna cewa idan aka ba itacen naitirojin fiye da buƙatarsa, polifenol ɗin man yana raguwa, ɗacinsa ya ragu, kuma ya fi saurin lalacewa a ajiye. Gwajin da aka yi a Isra'ila a kan irin da ake kira Barneya ya tabbatar da haka, ya ƙara da cewa oleik ma yana sauka, sakakken asid kuma yana hawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Itace yana da kayan aiki iri ɗaya da zai iya kashewa ko dai wajen gina sabon toho da ganye, ko wajen haɗa sinadaran da yake kare kansa da su. Idan ya samu naitirojin a yalwace sai ya karkata ga toho. Manoman Sifaniya suna tsinko ganye a watan Yuli su kai ɗakin gwaji: idan naitirojin ɗin ganye yana tsakanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari ya wadatar, idan ya gaza 1.4 itacen yana jin yunwa. Wanda ganyensa ya wadata, ƙarin taki ba ya ƙara masa 'ya'ya, asarar kuɗi ce da asarar inganci a lokaci guda.

Bari mu fara da yuriya, tun da ita ce a bakin kowa. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne zalla. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Ba ta da fotasiyam, ba ta da fosforas, wato sauran manyan sinadarai biyu na abincin shuka, ba ta ƙara wa ƙasa jiki, kuma shekara da shekaru tana ƙara mata tsami. Ƙasar tudu a yankinmu dama tana da ɗan tsami, shi kuwa zaitun ɗan ƙasar farin dutse ne, ya fi sakewa inda ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, yake daga 6.5 zuwa 8. A shekarar farko na ba itatuwa huɗu yuriya kamar yadda muke ba barkono, duk bayan mako uku. Kafin kaka sun fi sauran tsayi da kusan kamu biyu, duk wanda ya shigo lambun su yake fara nunawa. Amma rassan sun fito dogaye marasa ƙwari, ka lanƙwasa su kamar bulala, ganyen kuma mai taushi, ƙananan ƙwari masu manne wa reshe suka taru a kansu. Iskar farkon damina ta shekara mai zuwa ta tsage biyu daga cikinsu a mararraba. Waɗanda ban matsa musu ba gajeru ne, ganyensu ƙanana masu kauri, bayan ganyen fari-fari kamar an barbaɗa toka, kuma ko reshe ɗaya bai karye ba.

Kada a fahimce ni da cewa yuriya haramun ce ga zaitun. Itacen yana yin 'ya'ya ne a kan reshen da ya fito bara, don haka idan babu sabon toho bana, babu 'ya'ya baɗi. Itacen da ganyensa ya koɗe ya yi rawaya-rawaya tun daga tsofaffin ganye, tohonsa bai wuce tsawon yatsa ba a shekara, yana buƙatar naitirojin, kuma babu abin da zai kai masa shi da sauri kamar yuriya. Magani ce, a ba da ita kamar magani. Ni yanzu abin da nake ba ƙaramin itace bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, a farkon damina, a binne nesa da gindi, kuma sai na ga alamar buƙata. Da zarar itace ya ɗauki 'ya'ya sun fara girma, hannu ya fita daga buhun yuriya.

Kamfa ta fi yuriya dacewa, musamman 15-15-15 (lambobin kason naitirojin, fosforas da fotasiyam ne a jere), domin tana tafe da fosforas da fotasiyam. 20-10-10 kuwa ta masara ce, naitirojin ɗinta ya rinjayi sauran. Amma ita ma a jigawa ruwan Agusta yana wanke kaso mai yawa na amfaninta zuwa inda saiwa ba ta kai ba, kuma ba ta gyara ainihin ciwon ƙasarmu, wato rashin ruɓaɓɓen abu a cikinta. Yawancin ƙasar tudu a wannan yanki abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen tsiro bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Zuba kamfa a irin wannan ƙasa kamar zuba ruwa ne a kwando.

Kashin kaji shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, kuma a kansa nake so in tsaya. Saboda ba daga kamfani ya fito ba, ana ɗauka ko nawa aka zuba lafiya ne. Saiwa ba ta tambayar inda naitirojin ya fito. Busasshen kashin kaji yakan ɗauki naitirojin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ninki biyu ko uku na kashin shanu, kuma yana sakinsa da wuri, kusan kamar takin zamani. Wanda ya juye buhu guda a gindin itace ɗaya ya yi abin da mai yuriya ya yi, har ya ɗara, domin ɗanyen kashin kaji yana da zafi da gishiri, yana ƙona ƙananan saiwoyi. Ga lambun alayyafo da latas, inda ganyen ake so, babu kamarsa. Ga zaitun, wurinsa cikin tarin taki ne, kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, ya taimaka wa tarin ya ɗauki zafi. Shi kaɗai ba na ba da shawararsa.

Kashin shanu da na tumaki da awaki, wanda aka kwaso daga turke ko daga inda garke ya kwana, shi ne ya fi kusa da halin zaitun. Naitirojin ɗinsa kaɗan ne, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari idan ya bushe, yana fita sannu a hankali, ga fotasiyam mai ɗan dama, musamman idan ya haɗu da fitsarin dabbobin da ragowar harawa. Na awaki da tumaki ya fi na shanu ƙarfi kaɗan kuma ya fi sauƙin ɗauka a mangala. Aibinsa guda biyu ne, kuma duka suna tattare da ɗanyensa. Na farko irin ciyawa. Na biyu gara. Duk wanda ya yi lambu a tudu ya san cewa ɗanyen kashin shanu da guntun kara a gindin dashe gayyata ce ga gara, kuma idan ta gama da takin a watan Maris, bawon itacen take komawa. Na tona gindin wani dashe da ya bushe ba dalili, na tarar da bawon ƙasa duk an sassaƙe shi, an lulluɓe da jar ƙasa.

Shi ya sa a wurina zakaran gwajin dafi shi ne takin tari, wanda aka ruɓar da gangan. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. A samu inuwa, a shimfiɗa bunun shinkafa ko busasshen ganye kamar kaurin taƙi ɗaya, a bi da kashin dabbobi rabin haka, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tarin ya kai ƙirji. Laimar da ake so ita ce idan ka damƙa ka matse, hannunka ya jiƙe amma ruwa bai zubo ba. Bayan kwana uku ko huɗu ka soka sandar ƙarfe a tsakiya, ka zaro ka taɓa: idan ba ka iya riƙe ta da daɗewa, tarin ya kai zafin digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kai, ba ka iya gane kashi daga bunu. Irin wannan taki yana ba itace naitirojin kaɗan-kaɗan, daidai yadda ba zai ruɗe da toho ba, yana riƙe laima a jigawa, yana sassauta jangargari ta daina tsagewa. A yankin Andalus na Sifaniya ma abin da suke yi ke nan da dusar zaitun da ta rage bayan tatsa: tun da injinan zamani suka yaɗu a can a shekarun 1990, ana cakuɗa dusar da ganye da kashin tumaki a ruɓar, a mayar gona, domin ɗanyarta tana hana tsiro. Abin da dusar zaitun take a wurinsu, shi ne bunu da ɓuntun shinkafa a wurinmu.

Ɓuntu kuwa Allah Ya hore mana shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar nan bayan 2015, daga Argungu zuwa Suru, Jega, Bagudo da Yawuri, duk bayan injin casa za ka ga tsibinsa, wani wurin yana ci da wuta a banza. Ɗanyen ɓuntu ba taki ba ne. Idan aka cakuɗa shi cikin ƙasa yana jan naitirojin ɗin da ke wurin kafin ya ruɓe, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba. Amma idan aka mayar da shi gawayi, labari ya canza. Ana kafa bututun kwano mai huji-huji a ƙasa, a hura wuta a cikinsa, a tara ɓuntu kewaye da shi, wutar ta riƙa cinsa daga ciki ba tare da harshe ba. Idan baƙin ya fito waje sai a baje a kashe da ruwa nan take. Wanda ya yi sakaci zai tarar da farar toka. Gawayin da ya yi daidai, kowace ƙwaya tana nan da siffarta, baƙa ƙirin, ka murza ta a yatsa ta dagargaje.

Me ya fi takin tari da shi? Daɗewa. A zafin ƙasarmu takin tari yana ƙonewa cikin shekara ɗaya ko biyu, dole a sake. Gawayi yana zama shekaru masu yawa, ƙananan ramukan jikinsa suna riƙe ruwa da abincin shuka, yana rage tsamin ƙasa, kuma kusan babu naitirojin da yake bayarwa, don haka ba ya taɓa ɗacin mai. Me ya gaza? Shi kaɗai ba abinci ba ne, rumbu ne wanda babu hatsi a ciki. Idan aka zuba shi haka nan, a watannin farko shi zai riƙa tsotse abin da ke ƙasa, dashen ya tsaya cak. Sai an jiƙa shi, an cakuɗa shi da takin tari ya kwana mako biyu zuwa huɗu tukuna. Ni tun wajen haɗa tarin nake barbaɗa shi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, su nuna tare. Don haka tambayar ba gawayi ko takin tari ba ce. Ɗaya abinci ne, ɗaya mazubi.

Toka tana da nata gurbi, saboda fotasiyam. 'Ya'yan zaitun mayun fotasiyam ne: a shekarar da itace ya yi 'ya'ya sosai, kaso mai yawa na fotasiyam ɗin jikinsa yana tafiya da su ranar tsinka. Idan ya gaza, bakin ganye yana ƙonewa daga tsini, 'ya'yan su fito ƙanana, itacen ya kasa jure ƙishi. A gwajin ganye ana son ya haura kashi 0.8 cikin ɗari. Fotasiyam ba ya ƙara wa mai ɗaci, amma ba ya rage shi, kuma ga mai son zaitun na ci, girman ƙwaya a kansa ya dogara. Tokar murhu ta itace ko ta karan dawa tana da shi, tana da kalsiyam, tana kashe tsami. Kwano ɗaya a shekara ga matashin itace ya isa, a warwatsa a faɗin inuwarsa. Kada a haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a rana ɗaya, naitirojin ɗin zai tashi iska, hancinka ma zai gaya maka. Tokar ɓuntu kuwa yawancinta silika ce, ba ta kai ta itace ba. Wanda ƙasarsa ke fitar da farin gishiri ko kanwa a sama lokacin rani, ya nisanci toka gaba ɗaya. Nasa maganin jifsam ne, wanda ake haƙowa a yankin Dange da Shuni na jihar Sakkwato, domin yana korar gishirin kanwa ba tare da ya ɗaga pH ba.

Takin juji ba na sa shi, kuma ina roƙon kada a sa. Jujin da iyayenmu suka kwashe zuwa gona toka ce da shara da kashin dabbobi. Na yau akwai fasassun batura, leda, gwangwanin fenti da ragowar maganin feshi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ya shiga ƙasa irin wannan ba ya fita da sauƙi, shi kuwa zaitun itace ne da zai wuce mai dasa shi, ganyensa ma dafawa ake yi a sha.

Fosforas ba ya cikin abin da zaitun ke yawan nema, amma ƙasarmu matalauciya ce a nan, don haka cikin tafin hannu na supa a ramin dashe ya wadatar na shekaru. Boron, shi ma wani sinadarin abincin shuka, kaɗan ake so ƙwarai. Rashinsa yana zubar da fure, yana sa 'ya'ya su fito a murɗe, abin da manoman waje ke kira fuskar biri. Tazarar da ke tsakanin isarsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, kada a sa sai gwaji ya nuna. Malamin gona zai iya nuna inda za a kai samfurin ƙasa, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana wannan aiki.

Akwai kuma takin da ba a ɗaukowa a ka, wato shuka wake ko gyaɗa tsakanin layuka da damina, a bar saiwar da ganyen a wurin. Yana rufe ƙasa daga dukan ruwa, yana ƙara naitirojin a hankali. Abin da ba za a shuka ba shi ne tumatir, barkono, tattasai, gauta, dankalin Turawa da auduga. Dukansu suna ɗaukar wata cutar saiwa mai suna batisiliyam, wadda ke zama cikin ƙasa shekaru, ta toshe hanyar ruwa a jikin zaitun, reshe ya bushe da ganyensa a maƙale. Tana cikin manyan cututtukan zaitun a Sifaniya, kuma ta fi tsanani a gonakin da aka taɓa noma auduga. Ragowar waɗannan shuke-shuke ma kada su shiga tarin taki.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan aka yi kuskuren wuri. Uku daga cikin itatuwana na dasa su a gangare kusa da fadama, ina ganin laka ta fi ƙarfi. A Agustan farko ruwa ya kwanta a gindinsu kwana biyar, ganyen ya yi rawaya ya zube, na tuge ɗaya na ga saiwar ta yi baƙi tana wari. Zaitun yana jure ƙishi, yana jure tsakuwa da marmara, amma ba ya jure jiƙaƙƙiyar ƙafa. Kuma rami mai zurfi da aka cika da taki a cikin laka tukunya ce, ruwa yake tarawa. A ƙasa mai nauyi a kan tudun ƙasa ake dasa shi, kamar kunyar rogo mai faɗi. Ruwa ma yana aiki irin na naitirojin a kan mai: itacen da ya sha ya ƙoshi lokacin da 'ya'ya ke tara mai, polifenol ɗinsa yana raguwa. A ƙasashen Bahar Rum wannan lokaci rani ne, mu kuwa nan yana iya faɗawa cikin damina, lokacin da Birnin Kebbi ke samun mafi yawan ruwanta na kusan milimita 800 a shekara, Zuru da Yawuri fiye da haka. Ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Naitirojin yana hannunmu, shi ya sa ya kamata mu fi Sifaniyawa tsantseni da shi.

Sai maganar da ta fi nauyi, wadda mai sayar da dashe bai gaya mini ba, ni kuma ba zan ɓoye ta ba. Babu takin da ke sa zaitun fure. Sanyi ne ke sa shi. Yana son makonni kusan goma da zafin gari ke kai-komo tsakanin digiri 2 zuwa 15, kuma rana mai zafi tana warware abin da sanyin dare ya ƙulla. Hunturunmu da dare yakan sauko ƙasa da 20, amma da rana ya haura 30, sannan Maris da Afrilu su zo da 40. Itatuwana da suka rage suna nan lafiya, biyu sun yi ɗan fure a hunturun da ya wuce, zafin bazara ya kakkaɓe shi. Ko inda ya yi 'ya'ya, zafi yana taɓa man: a kwarurukan La Riyoha da Katamarka na Ajantina, irin Arbekina yakan ba da man da oleik ɗinsa ke faɗowa ƙasa da kashi 55. Jauf da Rajastan ta Indiya, da ake yawan kafa hujja da su cewa zaitun yana yi a hamada, suna da sanyin hunturu na gaske, wanda wani dare yakan kai ga ƙanƙara. Don haka wanda zai dasa ya nemi irin da aka san sunansa kuma buƙatarsa ta sanyi kaɗan ce, kamar Arbekina ko Koronaiki, ya fara da kaɗan, kada ya sayar da gonar gero a kansa. Kuma ya tabbatar zaitun ne. Atili na Filato, da wasu ke kira zaitun ɗin Afirka, wani itace ne dabam. Babban haɗarin shi ne mutum ya ga babu fure ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara yuriya. Hakan ƙara tura itacen yake yi ga ganye.

Ga wanda ya riga ya dasa, ko ya ƙudurta, ga yadda zan kashe kuɗina da ƙarfina. Idan jigawa ce mai rairayi, takin tari da gawayin ɓuntu a haɗe, gawayin ya zama kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙasar saman da za a cakuɗa lokacin dashe, sannan duk shekara kilo 10 zuwa 15 na takin tari ga matashin itace, a shimfiɗa a faɗin inuwarsa, a bar tazarar taƙi ɗaya daga gindi saboda gara da ruɓa. Idan jangargari ce ko ƙasa mai tsakuwa, wadda ita ce ta fi dacewa da shi, takin tari da kwanon toka sun isa, gawayi ƙari ne. Idan laka ce ta fadama, a bar wa shinkafa kayanta. Wanda ba shi da halin haɗa tari, ya nemi tsohon kashin awaki ko na shanu da ya shekara a turke. Wanda kuma dole sai ya shiga kasuwa, ya sayi tiya ɗaya ta 15-15-15 maimakon buhun yuriya, zai ga ta kai shi shekara.

Jiya da yamma Kawu ya same ni ina juya tarin bana, tururi yana tashi daga tsakiyarsa. Ya tsuguna ya damƙi baƙin takin ya sansana, ya dubi itatuwan, ya ce, "Ɗana, waɗannan gajerun fa, ba za ka ƙara musu ko ɗan gishirin Bature ba?" Na tsinko ganye ɗaya daga wanda ya yi fure bara na ba shi. Ya tauna, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, ya ce in ajiye masa baro biyu na takin, akwai dashe uku da ya sa a bayan gida yana so ya gyara musu gindi kafin ruwa ya sauka.